Shinkafar da ke but ɗin jar mota

Shekarar da maigidana ya cika hamsin ya shigo gidanmu na Woodbridge a Amurka da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera kamar ta durƙusa. In ya tayar da ita har tagar kicin sai ta yi rawa. Tun yana saurayi a Kaduna yake da hoton irinta a bangon ɗakinsa, don haka na haɗiye maganata.

Matsalarta ɗaya, duk ƙarfinta a tayoyin baya yake, bayan kuma ba nauyi. Da ƙanƙara ta zuba sai ta dinga kaɗa gindi kamar agwagwa. A sanyin farko sau uku tana maƙalewa, ɗaya da ni a ciki, ina makara zuwa asibitin da nake aikin nas. Ranar na ce, "Baban biyu, ta sake ko sau ɗaya, sayar da ita za ka yi." Ya amsa, shi kuwa in ya amsa magana ba ya janyewa.

Wani maƙwabci ya ba shi shawara ya zuba buhunan yashi a but don tayoyin su kama ƙasa. Mutumin nawa ya ce shi dai bai zo Amurka sayen yashi ba. Ya je shagon 'yan Afirka ya lodo manyan buhunan shinkafa huɗu. Dabarar ta yi aiki, har yana yi mini fito in mun hau tudu.

Sai Kirsimeti ta zo, aka ɗora wa zumuntar matan cocinmu girki. Ina tsaye ina tunanin shinkafa, ga shinkafa kwance a ƙofar gida tana zaman banza. Na ɗauki buhu ɗaya. Wata 'yar garinmu ta haihu a garin Manassas kusa da mu, na biyu ya tafi. Na uku baƙi suka cinye. Duk wanda na juye sai in cusa masa tsofaffin rigunan sanyin yara, in ɗinke baki, in mayar. Ban ji kunya ba ko kaɗan, abinci ai don ci aka yi shi.

Wata safiya a Janairu muka tashi gari ya yi fari fat da ƙanƙara, ya ce zai kai ni aiki. A ɗan tudun fita unguwa tayoyin suka fara juyawa a wuri ɗaya. Ya koma baya, ya sake gwadawa, har sau huɗu. Sannan ya kashe injin, ya shafa sitiyari a hankali.

"Shi ke nan, Maman biyu," ya ce. "Kin yi gaskiya. Ranar Asabar zan kai ta."

Abin da na shekara ina nema ke nan, amma ban ji daɗi ba. Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Fito ka buɗe but."

Ya ɗaga buhun farko da yatsu biyu. Ya ɗaga na biyu, hannun wata rigar ɗanmu ya leƙo ta wajen ɗinkin. Ya daɗe yana kallona.

"Wannan ba laifinta ba ne, ni na cinye mata nauyi," na ce. "Ba za a sayar ba."

Na tura kujerar gaba na kutsa baya, inda ko yaranmu ba sa yarda su zauna, gwiwoyina har haɓa, da kayan aikina da komai. Ya tayar, ya taka a hankali. Motar ta ɗan yi gardama, sannan ta kama ƙasa ta haye.

Ya dube ni ta madubi, idonsa ya yi ja, yana ta danne dariya.

"Ashe kin kai buhu uku," ya ce.

Da wata rana ce da ya ji a jikinsa. Na ce ya kalli hanya.