Yadda Bakin Ɗiyata Ya Buɗe

Ɗiyata ta fari ta kai shekara uku ba ta haɗa kalma biyu ba. Muna Bagega a lokacin, bayan an kankare ƙasar gidajenmu saboda gubar dalmar da ta biyo niƙan dutsen zinariya. Ta sha magani, jiki ya murmure, amma baki shiru. In tana son ruwa sai ta ja zanena ta nuna randa.

Wata rana mai unguwa ya aiko cewa wata malama daga jami'a tana son ganin iyaye mata. Na zaci allura ce. Sai ga mace mai tabarau, ta zauna kan tabarma tare da mu, ta ce ita ba ta ba da magani, aikinta binciken yadda hankalin yara ke girma. Ta roƙi mu bar ta ta riƙa wuni a gidajenmu tana kallo. Kwana uku ta yi tana zuwa namu, tana rubutu, har tsintar shinkafa ta taya ni.

Ranar ƙarshe ta ce, “'Yar'uwa, kina kula da yarinyar nan ƙwarai. Amma tun safe ban ji kin ce mata komai ba sai tashi da zauna.”

Na sunkuyar da kai. “Malama, ɗiyar fari ce.”

Ta yi murmushi, ta ce ita ma 'yar fari ce, ta san wannan kunyar. Sai dai a gidajen da ta zazzauna, yaran da ake yawan yi wa hira da wasa sun fi saurin farfaɗowa. “Ba sai kin kira sunanta ba. Ki riƙa faɗa mata abin da hannunki ke yi. Sannan ki dakata, ki ba ta damar amsawa.”

Inna, uwar mijina, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, “Wanga shi na karatun jami'a? Hira da ƙanƙanen yaro?”

Amma ita ta riga ni farawa. Washegari na ji ta tana ƙirga wa yarinyar awaki ɗaya bayan ɗaya, kowace da launinta. Ni kuwa sai a madafa, inda ba mai gani. “Ga kuka. Ga daddawa. Yanzu zan tuƙa tuwo.” Na riƙa jin kaina kamar mai taɓin hankali. Dakatawar ta fi ba ni wuya, don yarinyar sai dai ta zuba mini ido.

Haka muka yi har damina ta wuce. Wani yammaci ina hira da maƙwabciya ta kan katanga, sai na ji an ja zanena, wata 'yar murya ta ce, “Tuwo ya ƙone.”

Ya ƙone ɗin kuwa. Haka muka ci shi da ƙauri, Inna tana dariya har da hawaye, tana sa yarinyar ta maimaita wa duk wanda ya shigo.

Malamar ta ci gaba da dawowa da hotuna da 'yan katakon wasa tana gwada yaran, daga baya muka daina ganinta. Ɗiyata tana makarantar sakandare yanzu. Lissafi na ba ta wahala har yau, amma ita ke karanta wa mahaifinta saƙon waya.

Bara na je suna wurin ƙanwata a Gummi, na raka ta asibiti awon jariri. Wata ma'aikaciya ta ɗaga kwali mai zanen mace a bakin murhu da yaro kusa da ita, tana gaya wa mata su riƙa yi wa yara magana, su dakata su amsa. Ta ce daga binciken wata farfesa aka samo shi, har a Bukkuyum ana koyarwa.

Na ce mata, “Ai a tsakar gidanmu ta zauna.”

Ma'aikaciyar ta ajiye kwalin, ta ce in taso in ba su labari. Na ce minti biyar kawai, don zan koma gida Anka a ranar. Mata suka yi ta tambaya, wata kan in'ina, wata kan yaro mai yawan fushi, ina amsa abin da na sani. Kafin in kai tasha mota ta tashi, na ƙara kwana a Gummi.