Inshorar da Ba Ta da Kamfani

Kafin in lalace, ni mutum ne mai tsoron kuskure. Iyakar karatuna firamare a Bungudu, amma rubutuna na da tsabta, kuma idan na kulle ƙofa sai na koma sau biyu na taɓa kwaɗon. Da wannan hali na samu aiki a wani shagon buga takardu a Gusau, kusa da ofishin haraji.

Yawancin masu zuwa wurinmu masu motocin sana'a ne. Abin da mutum ya biya na inshorar motar da yake kasuwanci da ita, ana cire masa shi daga riba kafin a yanka masa haraji. Sai su kawo rasit in haɗa musu da sauran takardu.

Wata rana wani ɗan kasuwa daga Tsafe ya kawo rasit ɗin motar da iyalinsa ke zuwa biki da ita, ya ce in rubuta ta kasuwanci ce. Na ce ina tsoro. Ya yi dariya ya ce, "Mi kake tsoro, Malam? Ko ranar biki ai ana ɗauko goro cikinta." Na rubuta. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba, ina jiran a zo a kama ni. Ba wanda ya zo. Wannan shirun shi ya cuce ni.

Daga nan na fara ƙara lamba a rasit. Daga baya na sa aka sassaƙa mini hatimi, ina buga takardar inshora sukutum da sunan kamfanin da babu shi a duniya. Masu saye sun san ta bogi ce. Ina lallashin zuciyata cewa gwamnati kawai ake ragewa.

Malam Garba na Nahuce bai sani ba. Dattijo ne manomi da ya sayar da shanunsa ya sayi a-kori-kura don jigilar dawa, ƙanensa Audu ke tuƙawa. Ya miƙo mini kuɗi ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Ka yi mini ta gaskiya, wadda za a rage mini haraji, in kuma tsautsayi ya zo a tsaya mana." Na ce, "An gama, Baba." Na buga masa irin tawa.

Da damina motar ta kife a hanyar Tsafe. Ta tashi daga aiki, aka yanke wa Audu ƙafa. Malam Garba ya zo shago da takardar a naɗe cikin leda don kada ta jiƙe. Ya ce, "Raka ni ofishin nasu." Babu ofishin da zan raka shi, har maganar ta kai ga 'yan sanda.

Da 'yan sanda suka bincika ɗakina a Tudun Wada, suka tarar da akwatin ƙarfe. Kowace takarda da na taɓa bugawa na ajiye kwafinta a cikinsa, wata-wata a jere, don tsoron kada in maimaita lamba. Alƙali bai sha wahalar neman shaida ba.

A gidan yari ba yunwa ta fi damuna ba, ledar nan ce.

Da aka sake ni na tafi Nahuce. Na iske Malam Garba yana noman ƙwadago a gonar wani. Na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Nawa na yafe. Amma ƙafar ba tawa ba ce."

Audu na zaune bakin zaure yana tufkar igiya. Ya amsa sallamata don wajibi ce, bai ƙara ko kalma ba. Duk Juma'a ina komawa. Har yau haka muke.

Na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa. Ku matasa da ke zaune gaban kwamfuta mutane na miƙo muku takardunsu, ku ji ni. Ranar da aka ce ku canza layi ɗaya, ku ce a'a tun a ranar, ko da za a yi muku dariya. Wanda bai iya karatu ba, da idonku yake karantawa. Ni na rufe wa Malam Garba nasa, kuma Audu ne ya biya.