Takalmin da Ya Ƙi Zama a Kife

Jama'a, ku ji wannan!

Hajiya, maƙwabciyarmu a unguwar College Park, ta kawo min takalmin kambas in mayar da robar ƙasansa ja. Na shafa fenti, na kife shi ya bushe, na kulle gareji. Bayan azahar na tarar an juyo shi, fentin ya manne da siminti! Na sake shafawa, na kife. Da la'asar ma haka!

Na kira ta: "Hajiya, takalmin waye wannan?"

Ta ce, "Kife shi ka yi? Na maigidana marigayi Alhaji ne. Bai taɓa wuce kifaffen takalmi bai gyara ba."

Wallahi ga shatin jajayen yatsu a mariƙin ƙofar garejin, ta ciki!