Gwaggo Lukerya da ɗamarar da aka tsinta a barga

Ranar Talata, tara ga Oktoba, kika cika, Gwaggo Lukerya Trofimovna, kwana huɗu bayan sandar da aka ɗaga domin kaina ta sauka a naki.

Ba namiji a ƙauyen nan da bai ɗaura saƙarki a ƙugu ba. Ke kika yanka tsohuwar rigar ubana kika ɗinka mini rigata ta fari. Ke kike saƙa wa angwaye ɗamara, kowa da zanensa, kina tsiya cewa ƙugunsu ya fi hankalinsu faɗi.

Da aka sace dokin Gavrila maƙeri, aka tsinci jar ɗamara a bargarsa. Wani ya ce tawa ce. Suka jawo ni tsakar rana zuwa bakin rijiya, suka karya mini yatsu uku, suka zubar mini da haƙora. Gavrila na ihu a ɗauko gatari.

Sai ga ki. Kika fizge ɗankwalinki a gaban maza, abin da matar aure ba ta yi ko gidanta na cin wuta, kika rufe fuskata da shi. Furfurarki a waje, kowa ya kau da ido.

"Kai Gavrila, makaho ne kai? Ɗamarar Yefim ɗin nan tsuntsaye na sa mata. Wannan fa?"

"To ta wace ce, tsohuwa?"

"Na san mai ita. Amma in ba ku ɗan wata ku farfasa? Ku mutu!"

Gavrila ya kawo mini duka da sanda don haushi, kika sa kai. Na ji ƙarar har cikin haƙarƙarina. Kwana huɗu ana lallashinki, ba ki faɗi sunan ba.

Mun sa miki farar rigar da kika ɗinka wa wannan rana, wadda ba ƙulli ko ɗaya a zarenta. A bakin kabarinki na ga wani magidanci ya ɗaure rigarsa da igiya maimakon ɗamara. Na gane. Wallahi jinina ya tafasa, amma na ja bakina, don ba zan tona abin da kika rufe da ranki ba.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa tare da adalai. 'Yarki Ustinya da jikokinki, Allah ya ba ku dangana. Wancan bawan kuwa, Allah ya yafe masa, don ni har yau na kasa.

Yefim ɗan Zakhar