Ƙofar da Aka Sa a Bakin Dutsenmu

Kakanninmu a kan dutse suka zauna kafin a sauko ƙasa, kuma har na girma Baba bai daina hawa ba. Duk ƙarshen damina yakan je ya share kabarin mahaifiyarsa, ya ɗebo zuma da saiwoyin magani. Tun ina firamare nake bin sa. Shi ya nuna mini kufan gidajen, da shingen duwatsu da aka jera don noman acca, da wani kogo mai rumbunan laka da tukwane, inda birai ke zama a baki suna kallonmu. Ba kowa ya san hanyar kogon ba.

Ina koyarwa a Kafanchan aka ce gwamnati za ta mai da dutsen gandun da za a kare. Ɗan ƙanen Baba, wanda Baba ya riƙe bayan rasuwar ubansa, ya samu aiki a wurin. Wajena ya fara zuwa. Ya ce in lallashi tsoho ya nuna wa ma'aikatan gandun komai a rubuta, don in ba a rubuta ba masu yankan katako da masu fasa dutse za su gama da shi. Ya ce mu 'yan gida ba wanda zai hana mu hawa. Na yarda. Mako biyu na yi ina roƙon Baba kafin ya ɗauki sandarsa.

Kwana uku ya yi yana zagayawa da su. Ya gaya musu sunan kowane itace da yarenmu, ya nuna maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa, a ƙarshe ya kai su kogon.

Da shekara ta zagayo muka je da fartanya da tsintsiya, sai muka tarar da ƙofar ƙarfe. Ɗan'uwan nawa ne a tsaye cikin kakinsa. Bai kalli Baba a ido ba.

"Baba, ka yi haƙuri, sai da takarda daga ofis."

"Takarda zan nuna kafin in ga uwata?"

Ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba. Baba ya miƙa mini fartanyar, muka juyo.

Wannan na iya haɗiye shi. Amma bayan wasu watanni na je bikin aure a wani otal, na ga manyan tukwane uku a bakin shiga, an cusa musu furannin roba. Na san zanen wuyansu. Mai gadin ya ce wani ma'aikacin gandu ne ya kawo wa mai otal ɗin, ya kwatanta mini shi har da tabon goshinsa.

Na samu ɗan'uwan nawa bayan sujada ranar Lahadi. Bai musa ba. Ya ce da ma a kogon lalacewa za su yi.

Ban gaya wa Baba ba har ya rasu. Ranar jana'iza ɗan'uwan nawa yana cikin masu ɗaukar akwatin, ya yi kuka sosai. Matarsa takan aiko mini da doya lokacin Kirsimeti. Ina karɓa, in ba maƙwabta.