Ranar da Wakenmu Ya Hau Kwalekwale

Mahaifinmu a jirgin ƙasa ya zo Gombe daga ƙasar Funtuwa tun yana saurayi, kuma abokin da ya fara yi a garin ma'aikacin reluwe ne, Batangale, Kirista, mai gida a unguwar Herwagana. Mu a unguwar Shamaki aka haife mu, mun kuma buɗe ido mun tarar da wannan mutum yana shigowa zaurenmu kamar gidansa. Bappa muke ce masa, yadda ake kiran ɗan'uwan uba a nan. Bayan rasuwar mahaifinmu ma bai ɗauke ƙafa ba.

Aikinsa a da rakiyar taragun kaya ne. Auduga da gyaɗa da wake masu tafiya Fatakwal ya sha raka su daga tasharmu har Kafanchan. Ni ban riski wannan zamanin sosai ba. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar jirgi daga nesa, sai kuma lokacin da ƙarar ta fara yin jinkiri, har ta ɗauke gaba ɗaya. Ciyawa ta rufe layin dogo, awaki suka mai da tsofaffin taragu wurin shan inuwa. Kayan da jirgi yake ɗauka duk suka dawo kan titi, cikin manyan motoci irin wadda yayana yake tuƙawa.

A wata damina, ina hutun makarantar da nake koyarwa, Yaya ya sami lodin wake zuwa Makurɗi. Ya ce in raka shi in ga duniya, tun da kullum a bakin allo nake ba yara labarin garuruwan da ban taɓa takawa ba. Da Bappa ya ji, sai ya zo da kansa. 'Yarsa tana aure a can, ta haihu, bai ga jikan ba.

"Bappa, babbar mota ce fa, ba ta da daɗin zama," in ji Yaya. "Bari in sa ka a ƙaramar mota a tasha."

"Ni da na ƙare ƙuruciyata a bayan buhuna?" ya ce. "Ka dai bar mini wajen taga."

Da hantsi aka gama lodi a kasuwar hatsi. Na tsaya ina kallon yadda waken yake taruwa: wani a amalanke aka turo shi daga sito, wani a bayan babur daga ƙauye, wani a a-kori-kura daga wajen Dukku da Bajoga. 'Yan dako suna hawa katako da buhu a wuya kamar ba komai. Yaya ya ja tamfol ya ɗaure ta ko'ina, yana ta jaddada cewa wake ba ya shiri da laima. Ruwa kaɗan ya taɓa shi, sai ya kumbura ya yi baƙi.

Muka ɗauki hanyar Kumo. Da muka shiga ƙasar Billiri da Kaltungo, Bappa ya gyara zama yana nuna mini duwatsun da ya hau yana yaro, da gonakin danginsa. Muka haye Binuwai a gadar Numan. Ruwa ya cika ya yi ja, faɗinsa ya ba ni tsoro. Bappa ya ce wannan ruwan shi ne dai wanda za mu tarar a Makurɗi, kuma a da jiragen ruwa sukan hau shi da kaya in damina ta yi nisa. Na leƙa ban ga komai ba sai masunta.

"Ka ga hanya kwance," ya ce, "ba rami, ba tayar da za ta fashe. Mu kuma ga mu nan za mu zagaya."

Muka kwana a Jalingo. Washegari ba mu yi nisa sosai ba muka tarar da motoci sun yi dogon layi a gefen titi. Wani direba ya gaya mana ruwa ya cinye gadar da ke gaba. Muka sauka muka taka zuwa bakin kogin. Rabin gadar na nan tsaye, ɗaya rabin ya rufta. A wancan hayin ma motoci ne jere, suna fuskantarmu.

Yaya ya tsaya yana lissafi. Komawa baya a zagaya ta Bauchi da Jos tafiya ce mai tsawon gaske. Tsayawa kuma ba a san ranar gyara ba, ga hadari kullum yana haɗuwa a kan tamfol ɗinsa. Mutanen ƙauyen wurin tuni sun fito da kwalekwalensu masu inji suna fiton mutane da babura. Amma ba wanda zai iya fiton babbar mota.

Bappa ya sami gindin wata bishiya ya zauna. Can sai ga wani mutum ya sauko daga kwalekwale daga wancan hayin, gajere, kakkaura, yana yawo tsakanin motocinmu yana leƙa abin da kowa ya ɗauko. Direba ne shi ma, ɗan kabilar Tibi, Hausarsa ta tasha ce amma tana fita. Ya ɗauko doya da jarkokin manja zai kai arewa, shi ma gada ta tsare shi. Ya gaida Bappa, hira ta haɗa su a kan Makurɗi, har suka gano cewa unguwar da 'yar Bappa take ba ta da nisa da gidan mutumin.

Bappa ya ɗaga hannu ya kira Yaya.

"Zo ka ji. Kai kana son kudu, shi yana son arewa. Motarka lafiyarta lau, tasa ma haka. Kaya ne ke son hayewa, ba mota ba."

Yaya ya dubi mutumin, mutumin ya dube shi. Ba su taɓa ganin juna ba.

"Bappa, amanar mutane ce a bayan motar nan," in ji Yaya. "Ta yaya zan miƙa wa wanda ban sani ba?"

"Shi ma ai tasa amanar zai miƙa maka. Mu a Kafanchan haka muke yi. In kawo taragu daga Gombe, wani ya karɓa ya wuce da su, ni in juyo da nasa. Kuma ga ni, ni zan bi waken har inda za a sauke shi."

Aka shiga buga waya. Yaya ya kira masu wake a Gombe, mutumin ya kira masu doya. An sha musu, wani ya ƙi sannan ya sauko da ya ji Bappa zai raka kayan, domin ashe mahaifinsa ya san shi tun zamanin tasha. Kafin azahar magana ta zauna.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ban taɓa gani ba. Matasan ƙauyen suka riƙa sauke buhuna suna gangarawa da su bakin ruwa. Masu fito suka shimfiɗa itace a cikin kwalekwale don kada buhu ya taɓa ruwan da ke ƙasa, aka yanko leda aka rufa. Kwalekwale ya tafi da wake, ya dawo da doya. Yaya yana wannan gaɓa yana ihu a yi a hankali, abokin nasa na yau yana waccan gaɓa yana nasa ihun. Ni ma na tuɓe riga na kama jarkokin manja, hannuna ya yi ja har kwana biyu bai fita ba. Buhu ɗaya ya zame ya jiƙe, Yaya ya ce a bar wa masu fito su dafa.

Bappa ne ya bi kwalekwalen ƙarshe. Sai a lokacin ya gaya mini bai taɓa shiga ruwa ba a rayuwarsa, kullum ta kan gada yake wuce shi. Na riƙe hannunsa ya taka a hankali, ya zauna a kan buhu ya rungume jakarsa. Na ga leɓensa yana motsi, addu'a yake yi. Da suka kai tsakiya sai ya saki jakar ya ɗago mana hannu.

Muka juyo da doya. A hanya hankalin Yaya yana kan waken, sai da wayar Bappa ta shigo cewa an sauke wake lafiya, shi kuma ga jika a cinyarsa, sannan na ga kafaɗunsa sun sauka.

Da muka gangaro Gombe daga tudu, garin yana kwance a cikin kwarinsa, na dube shi da wani ido daban. Hanyoyi sun shigo masa daga Bauchi, daga Biu, daga Yola, daga Dukku, daga Potiskum. Ga layin dogo ya ratsa shi yana barci. Ga filin jirgin sama a bayan gari. Kogi ma ba shi da nisa sosai. Duk muna da su, amma kowanne yana zaman kansa, ba mai miƙa wa wani. Nauyin duka ya taru a kan titi ɗaya da direba ɗaya, shi ya sa in gada guda ta faɗi sai tumatir ya ruɓe a nan, doya ta yi tsada a can. Abin da na gani a bakin kogin nan, mutane ne suka ƙulla shi da hannunsu cikin yini guda saboda dole. Na yi ta tunanin yadda zai kasance da a ce an shirya shi tun farko, da rumfa da sito da wurin sauke kaya.

An daɗe kafin a gyara gadar, kuma duk tsawon lokacin Yaya da mutumin nan suna haɗuwa a bakin ruwa suna musayar lodi. Bayan an gyara ma ba su bari ba. Sun lura kowannensu yana tuƙi a hanyar da ya sani, cikin mutanen da yake jin harshensu, kuma yana kwana a gida fiye da da. Matar Yaya ta fi kowa murna.

Bara mutumin ya zo Gombe karon farko, ba da lodi ba, ziyara kawai. Ya sauka a gidanmu na Shamaki. Innarmu ta tuƙa masa tuwon masara da miyar kuka, ya ci ya ƙara, sannan ya roƙi a ɗaure masa garin kukar ya kai wa matarsa ta gwada. Da la'asar Yaya ya ɗauke shi a babur ya zagaya da shi kasuwar hatsi, ya nuna shi ga masu waken da ya daɗe yana kai kayansu ba su taɓa ganin fuskarsa ba.