Buhun da Baba Ya Kai Zariya

Surutun majalisa ne ya kai mu Zariya. Wani mai kai wake can ya ce wa Baba ya ga autarmu sanye da wando a tsakiyar maza. Washegari bayan asuba Baba ya sa babbar riga, ya naɗe wani buhu a hammata, ya ce in raka shi mu kwaso kayanta, karatu ya ƙare. Saura mata shekara ɗaya ta gama jami'a, kuma ni yayanta na tsaya mata aka bar ta ta tafi.

Tun daga Dawakin Tofa nake kiran wayarta, a kashe. Da muka sauka sai na shiga jan lokaci, na ce ai ba a zuwa Zariya a koma ba a ga gari ba. Na kai shi ganuwa, ya ce ta Kano ta fi ta. Na nuna masa Dutsen Kufena, ya ce shi ba akuya ba ne. A kasuwar Samaru kuwa na yi da-na-sani. Ɗalibai maza da mata cunkus, ana ciniki ana shewa, wata har tana cin masara a tsaye. Baba ya dube ni kawai, ya gyara buhunsa.

A ƙofar masaukin 'yan mata aka ce tana gona. Aikin gona take karanta, amma mu mun ɗauka a allo ake yinsa. Muka bi kwatance, Baba yana ta tsaki ganin ana yanke ciyawa ana zubarwa, alhali awakinmu na ɗaure a turke.

Shi kuwa ba ya wuce mai aiki a gona bai gaishe shi ba, ko a ina ne. Ya tsaya bakin wata gonar dawa, ya yi wa wani mai malafa da takalmin roba sannu da aiki. Mutumin ya ɗago. Ita ce. Ga wandon nan duk laka, ga samari uku kusa da ita.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Gonar ya zuba wa ido. Ƙuduji suke cirewa, ciyawar nan mai kashe dawa. Samarin suna tumɓukewa suna yarwa a nan ƙasa, ita kaɗai ke tarawa wuri guda don a ƙone kada iri ya zube, yadda ya koya mana tun muna yara.

"Su waɗannan ba wanda ya gaya musu?" in ji shi.

"Na gaya musu, Baba. Ba sa ji."

Na ji haushin kaina da ban ɓatar da mu a kasuwa ba. Sai Baba ya warware buhun ya miƙa mata.

"Zuba a nan. Ki ƙone da kanki."

Muka dawo gida ba buhu, ba ita.